Gwaggo Sannu da Dokar Ƙofa Biyu

Gwaggona, yayar mahaifina, mace ce da ba ta iya wuce ɗan Adam ba tare da ta gaishe shi ba. Ban ce wanda ta sani ba, ɗan Adam na ce. Mai kwasar shara, mai karanta mitar wuta, har mahaukacin da ke zama a bakin kwalbati, kowa sai ta tsaya ta tambaye shi gajiya da iyali, kuma ta jira amsa. In kika raka ta sayen sabulu a kantin bakin titi, to ki manta da abin da kika ɗora a wuta. An taɓa kama ɓarawo a layinmu, aka ɗaure shi a jikin falwaya ana jiran 'yan sanda, ta zo wucewa ta ce masa sannu da rana. Mutane suka yi ta dariya, ita ko a jikinta, cewa ta yi ai shi ma ranar na dukansa. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa. Gwaggo Sannu kowa yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Tikiti nake sayarwa a tashar mota, cikin wani ɗan keji mai taga ɗaya, daga safe zuwa yamma ina fama da direbobi da 'yan kamasho da fasinjojin da kowannensu kujerar gaba yake so. Wanda ya daɗe a wannan aikin bakinsa bai yi kaifi ba, to kurma ne. Gwaggo takan ce ranar da ake rabon haƙuri an aike ni ɗibar ruwa. Na yarda. Shi ya sa ma ni ce zan ba da labarin nan, don in aka bar ta ta bayar da kanta, sai ta gama shi tas ba ku gane an cuce ta ba.

Reno ne aikinta. Mijinta masinja ne a wani ofis, ya rasu ya bar ta a ciki da falo na gidan haya, ba ɗa ba jika. Wata safiya maƙwabciyarta mai shara a asibiti ta rasa inda za ta ajiye jaririyarta, ta miƙa wa Gwaggo ta ce zuwa azahar. Azahar ɗin nan ce ta zama aikin rayuwa. Jaririyar ta girma ta yi aure ta haihu, ita ma ta gaji aikin uwarta a asibitin, ita ma ta kawo nata biyu. Yaran ba su taɓa kai goma ba. In aka roƙe ta ta ƙara, sai ta ce cinyarta biyu ce, bayanta ɗaya, abin da ya wuce ƙarfin idonta cin amana ne.

Ni kaina a falon nan na koyi tafiya, ina dafa teburin da aka naɗe wa kusurwa da tsumma. Ƙusoshi ne a jere a bango, kowace ƙusa da jakar yaro. Kofunan roba iri ɗaya, kowanne an ɗaura masa zare mai launi dabam a hannu, kuma wallahi ɗan da bai iya magana ba ya san zarensa, taɓa masa kofi ki ga tashin hankali. A bakin ƙofa akwai katako tsayin gwiwa saboda masu rarrafe, duk uwar da ta zo sai ta tattare zani ta tsallaka. Risho kuwa a tsakar gida yake, bai taɓa leƙa ɗakin ba. Ƙofar a buɗe take yini, an tokare ta da dutse. Gwaggo ba ta rufe ƙofa in da yaro a ciki, ko ruwa ake yi sai dai ta saki labule. Da na haifi 'yata, wadda Gwaggo ta laƙaba wa Tsigi saboda ƙanƙanta da yawan surutu, ban tsaya neman shawarar kowa ba, na buga mata ƙusarta a bango.

Haka muke har aka yi gobara a wani babban gidan reno, can a wani birni. Masu gidan sun kulle yara a bene sun fita, wuta ta tashi, ƙofa ɗaya ce kuma da kwaɗo. Ba sai na faɗi sauran ba. Gwaggo ta ji a rediyo, ta yi kuka kamar nata ne, ranar ba ta iya sa komai a bakinta ba.

Ba a daɗe ba aka ce majalisa ta kawo ƙudurin doka a kan gidajen reno. Muka ce madalla, ai ya kamata. Sai da aka karanto sharuɗɗan jikinmu ya yi sanyi. Duk inda ake renon 'ya'yan mutane, babba ne ko ƙarami, dole ya kasance da ƙofa biyu a bango daban-daban, in babu a rufe wurin. Gwaggo ta je ta sami mai gidan haya, ta gaishe shi har ya gaji, sannan ta tambaya ko zai bari a fasa ƙofa ta baya. Ya kama hannun rigarsa yana dariya, ya ce ta fasa mana, in tana son ta riƙa fita da yaran ta cikin bayan gidan maƙwabci. Gaskiyarsa ce. Bangon bayanta na maƙwabci ne, na hagu da na dama kuma ɗakunan wasu 'yan haya ne. Ɗakin nan ƙofa ɗaya aka halicce shi da ita, da ita zai mutu.

A rediyon dai aka ce ba a gama ba tukuna. Ƙudurin yana gaban kwamiti, duk mai magana ya rubuta wa wakilinsa, don dokar ta jama'a ce, da bakin jama'a za a yi ta. Ni na ji na yi tsaki. Gwaggo ta ji ta gyara zama.

Ku gane, Gwaggo ta yarda da ɗan majalisarmu. Mai Girma take ce masa ko ba ya nan. Ta bi layi cikin rana ta zaɓe shi da ciwon gwiwarta. Kalandarsa na rataye a falo, ko da yake ni na san tsagar bango take rufewa. A wurinta, tunda an ce a rubuta, to akwai mai karantawa. Ta sayi takarda mai layi da biro, kullum in yara sun yi barcin rana sai ta zauna a kan katakon bakin ƙofa ta ɗora tire a cinya tana rubutu, harafi bayan harafi, harshe a waje. Firamare kaɗai ta yi, amma hannunta ya fi nawa kyau.

Da ta gama, ta jira yamma iyaye suka zo ɗaukar yara, ta ce kowa ta ɗan tsaya. Muka tsaya a tsakar gida da yara a kafaɗa, ta sa tabarau ta fara karantawa.

Shafi na farko gaisuwa ce. Ta gaishe shi, ta gaida mahaifiyarsa, ta gaida iyali, ta tambayi ƙafarsa da aka ce ya gurɗe, ta yi masa sannu da zirga-zirgar hanya. Shafi na biyu godiya. Ta gode da kwalbatin da ya fara mana bai ƙarasa ba, wai ko rabinsa ma alheri ne. Sannan ta shiga yabon dokar, ta ce Allah ya saka masa da alheri shi da abokan aikinsa da suka tuna da 'ya'yan talakawa, duk mai ƙaunar yara dole ya yi farin ciki da wannan doka, ita da ta shafe rayuwarta tana reno ta fi kowa sanin amfaninta. Shafi na uku neman afuwa ne, wai ita wace ce da za ta sa baki a maganar manya, sai tarihin ɗakinta. Sai a shafi na huɗu, can wajen tsakiya, bayan "in babu takura" da "in Mai Girma ya ga ya dace", ta faɗi abin da ya kawo ta: a taimaka a gyara sashen ƙofa biyu, a bar masu renon yara kaɗan a ɗakinsu su ci gaba da ƙofa ɗaya, da sharaɗin ba za a taɓa kulle ta ba kuma ba za a kunna wuta a ciki ba. In ba haka ba, ɗakinta da irinsa duk za a rufe, kuma ba ta san inda yaran za su nufa ba.

Magana ce mai kyau, babu lauyan da zai fi ta. Amma na ce mata ta ɗauko shafi na huɗu ta mai da shi na farko, sauran ta kunna risho da su.

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Ke in za ki shiga gidan mutane, ta taga kike shiga?"

"Gwaggo, mutumin nan ba shi da lokacin ƙafarsa, balle gaisuwarki."

"Mai gidana ya yi shekaru yana shiga ofis ɗin manya. Bai taɓa shiga da buƙata a baki ba. Sai ka gaisa, ka gode, sannan ka roƙa. Wanda aka girmama shi yake saurare."

Iyayen yara suka goyi bayanta, har wata mai ɗinki a cikinsu tana cewa an manta ba a yi masa addu'ar ƙarin girma ba, aka ƙara. Da yake a rediyo an ce yawan wasiƙu shi ne ƙarfinsu, kowace uwa ta karɓa ta kwafe da hannunta ta sa sunanta. Magana ta bazu, masu reno na sauran layuka su ma suka zo suka kwafa, don kowa ya san Gwaggo ce ta iya magana da manya. Duk wasiƙar da aka kawo sai ta ɗinke shafukanta huɗu da zare da allura, wai kada ɗaya ya ɓace a hanya.

Ni ban kwafa ba. A tasha na yagi bayan wata takarda na rubuta tawa a tsaye. Na fara da cewa ban yarda da sashen ƙofa biyu ba, zai rufe ɗakin da 'yata take, in ya goyi bayansa kada ya sake tako layinmu neman ƙuri'a. Ko sallama ban yi ba. Gwaggo ta gani ta riƙe baki, ta ce na zubar da mutuncin gidanmu, ta rantse ba za ta haɗa ta da nasu ba. Na kai abata da kaina.

Nasu kuwa ita ta kai. Ta sa kayanta na fita unguwa, ta bar yara da mai ɗinki, ta hau benen da ke saman kantin magani inda ofishin mazaɓa yake. Ta dawo tana yabon sakatariyar wurin, wai yarinya mai hankali, ta karɓa da hannu biyu ta buga hatimi, ta ce za su isa.

Ranar da za a yi muhawara a majalisa ta faɗo a ranar hutuna, ina falon. Yara na kan tabarma, Tsigi na ƙoƙarin cusa murfin kwalba a kunnen wani, rediyo na kan taga. Aka yi ta surutu har aka zo sashenmu. Sai wata 'yar majalisa daga wani yanki can, wadda ba mu taɓa jin sunanta ba, ta miƙe ta kawo gyara. Kamar ta leƙa shafi na huɗu: a cire ƙananan masu reno na cikin gida daga sharaɗin ƙofa biyu, a sa musu sharaɗin barin ƙofa a buɗe. Wasu suka goyi bayanta, wasu suka ƙi. Daga jin hayaniyar kin san abin ya zo kusa da kusa.

Sai aka ba namu dama. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce yara su yi shiru, Mai Girma ne.

Ya gyara murya ya ce yana mamakin masu kuka a madadin mutanen da ba su yi kuka ba. Shi daga mazaɓarsa wasiƙu sun zo masa tuli, daga hannun su kansu matan da ke reno a gida da iyayen yaran, kuma duk goyon bayan dokar suke yi yadda take. Ya ce bari ya karanta ta wata dattijuwa, don majalisa ta ji muryar talaka. Muka ji ƙarar takarda. Sai ga maganar Gwaggo na fitowa daga rediyo, kalma bayan kalma: Allah ya saka da alheri, duk mai ƙaunar yara dole ya yi farin ciki da wannan doka, ni da na shafe rayuwata ina reno na fi kowa sanin amfaninta.

Fuskar Gwaggo ta washe. Ta dafa ƙirji ta dube ni. "Kin ji ko? Kin ce ba ya karantawa. Saurara, yanzu zai juya shafi."

Aka tafa masa. Ya ce bayan wannan shi ba shi da abin ƙarawa, ya zauna.

"Zai juya," in ji Gwaggo, a hankali wannan karon.

Shugaban majalisa ya sa aka kaɗa ƙuri'a. Gyaran ya faɗi da ɗan ƙaramin rinjaye, aka buga guduma aka wuce sashe na gaba. Gwaggo ta ci gaba da kallon rediyon har aka shiga tallar sabulu. Sannan ta tashi ta ɗauki yaron da ya jiƙa wando ta fita da shi tsakar gida.

Washegari ban je tasha ba, benen nan na hau, kuma da niyyar rashin mutunci na hau. Na tarar da sakatariyar ita kaɗai, waya a kunne, tana haɗa wa wasu baƙi shayi da hannu ɗaya. Na jira ta gama na sauke mata kwandon bala'i. Ba ta musa ba. Ta nuna mini kwalaye biyu a ƙarƙashin tebur, irin na sabulu, ɗaya an rubuta masu goyon baya, ɗaya masu adawa. Ta ce wasiƙu ɗaruruwa suke zuwa, a kan doka, a kan neman aiki, a kan asibiti, kuma ita kaɗai ce. Umarnin da aka ba ta shi ne ta duba farkon kowace ta ga inda ta dosa, ta jefa a kwali, ta ba da adadi. Ta buɗe ta Gwaggo ta ga gaisuwa, ta juya ta ga yabon doka, ta jefa. Sauran duk iri ɗaya ne, suka bi ta. Da Mai Girma ya bugo waya ya ce a nemo masa guda mai daɗin karantawa, sai ta tsinke zaren ta cire shafi na biyu ta aika masa.

Ta tsinke zaren. Wannan ne ya tsaya mini a rai, har yau bai wuce ba. Tsohuwa ta zauna da allura ta ɗinke maganarta don kada a raba ta, aka sa reza aka yanke, aka zaɓi inda ya yi musu daɗi.

Na ce ta ciro shafi na huɗu ta karanta a gabana. Ta karanta a tsaye, ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ita ma ɗanta wurin wata tsohuwa take barinsa, ɗaki ɗaya ƙofa ɗaya. Na so in ci gaba da zaginta, abin ya ƙi. Na tambayi tawa. Ta laluba ɗaya kwalin ta ciro ta, ta ce au, ke ce, ai duk ofis an san wannan. Tawa ce kaɗai daga layinmu ta faɗa inda ya dace. Ku ji fa. Mai rashin kunya an ji ta sarai, masu ladabi an juya musu magana an soke su da ita. In wannan ne tsarin, to a daina cewa a rubuta, a fito fili a ce a yi zagi.

Kada wani ya ce mini laifin Gwaggo ne da ta yi doguwar gaisuwa. Na faɗa mata haka kafin a kai, kuma zan iya faɗa mata, gwaggona ce. Amma mutumin da ya bi gida-gida yana roƙon a ba shi amana, aka ba shi, aka ce aikinsa ke nan ya ji bakinmu ya kai gaba, shafi huɗu ne ya fi ƙarfinsa? Ya tashi a gaban duniya ya ce ga muryar talaka, bai ko tambayi ina sauran takardar ba. Wanda ya ga shafi an rubuta biyu a samansa ai ya san akwai na uku.

Na nemi ganinsa, aka ce yana babban birni. Sakatariyar ta yi alkawarin aika masa cikakkiyar wasiƙar, kuma na yarda ta aika. Abin da ya dawo mana shi ne takarda bugun inji, kowace uwa da tata, ana gode mana bisa goyon bayan da muka ba wannan doka mai tarihi. Gwaggo ta karanta tata ta ninke. Har a lokacin kare shi take yi, wai bai sani ba, in ya sani zai gyara. Ta sake rubuta wata, ita ma da gaisuwa ta fara, don hannunta bai san wata hanya ba. Ba a amsa ba. An riga an sa wa doka hannu, an wuce wurin.

Bayan 'yan watanni jami'ar dubawa ta zo, mace mai sanyin murya da jaka a kafaɗa. Gwaggo ta yi mata sannu da zuwa, ta tambayi gajiya, ta kawo mata ruwa a kofin baƙi. Matar ta duba kofuna da zarensu, ta duba katako, ta duba risho a waje, ta ce ta zaga wurare da yawa ba ta ga mai tsabtar wannan ba. Sannan ta tambayi ƙofa ta biyu. Gwaggo ta nuna mata dutsen da ke tokare da ta farko, ta ce wannan ba ta taɓa rufuwa da yaro a ciki ba. Matar ta ce ta yarda, amma ba abin da aka ce ta duba ke nan ba. Ta liƙa takarda a jikin ƙofar, tana ba da haƙuri. Gwaggo ce ma ta riƙe mata gefen takardar don iska na kaɗa ta.

Ranar ƙarshe kowace uwa ta cire jakarta daga ƙusa. Gwaggo ta ba kowane yaro kofinsa ya tafi da shi. Ba ta yi kuka ba, mu ne muka yi.

Yanzu ku tambaye ni ina yaran suke. Gidan reno mai ƙofa biyu akwai shi, can bayan gari, na masu mota ne, ba irinmu ake gina wa ba. Na mai ɗinki yana yini a ƙarƙashin keke, tsakanin allurai da almakashi. Tsigi tana tare da ni a kejin tikiti, cikin kwali, tana shaƙar hayaƙin motoci, tarin da ta kama har yanzu bai sake ta ba. Mai shara a asibiti kuwa, wadda uwarta ce ta fara miƙa wa Gwaggo jaririya, ba a barinta ta shiga da yara wurin aiki. Kullum da safe takan ajiye wa nata biyu abinci da ruwa, ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo ta waje, ta tafi tana waiwaye. Yara a kulle a ɗaki mai ƙofa ɗaya. Abin da aka yi dokar don a hana ke nan, kuma ba mai zuwa dubawa, tunda ba gidan reno ba ne.

Gwaggo ta koma zama a bakin ƙofa, a kan katakon da ta ƙi cirewa. Ta rame. Tana gaida masu wucewa yadda ta saba, sai dai in yaro ya yi kuka a wani gida takan miƙe kafin ta tuna.

Da zaɓe ya zagayo, sai ga Mai Girma a layinmu, da ƙafarsa, da jama'arsa a baya, yana bi ƙofa-ƙofa. Na dawo daga tasha ke nan da Tsigi a baya, ina tsaye kusa da Gwaggo. Na riga na shirya abin da zan faɗa masa, tun a bene nake tanadinsa. Wani daga cikin mutanensa ya raɗa masa cewa ga dattijuwar da ya karanta wasiƙarta a majalisa. Fuskarsa ta cika da fara'a, ya matso har gaban katakon, ya ɗan rusuna. Takardar da aka liƙa tana nan a jikin ƙofa, daidai kansa, rana ta cinye rubutun.

"Mama, sannu da gida. Ina gajiya? Yaya yaran namu?"

Na buɗe baki, sai na ji Gwaggo ta riƙe mini zani. Na dube ta. Wallahi na ga amsar ta taho da kanta, na ga leɓenta ya motsa, don shekara da shekaru ba ta taɓa tsayawa tunani kafin ta ce lafiya lau ba. Ta datse bakinta. Ta ɗaga kai ta zuba masa ido, ba ta ce komai ba.

Ya ɗauka ba ta ji ba, ya ɗaga murya ya maimaita. Layin ya yi tsit. Mai kanti ya fito, mata suka leƙo ta katanga, duk waɗanda suka ga ranar da ta gaida ɓarawo a ɗaure suna tsaye suna kallo. Ta ƙara damƙe zanina, ba ta sauke ido ba. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce ai tsufa ne, kunnen ya tafi. Mai Girma ya yi 'yar dariya, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya wuce ƙofa ta gaba. Ban jin ya san abin da aka yi masa.

Sai da suka sha kwana ta sake ni. Ta dafa bango ta miƙe, ta tsallaka katakon ta shiga. Na bi ta. Na same ta zaune a ƙarƙashin ƙusoshin nan da babu komai a jikinsu, tana haki kamar wadda ta ɗauko kaya daga nesa.

"Ashe haka ake ji," ta ce. "Ke haka kike yini kullum?"

Tun ina yarinya nake roƙonta ta rage laushi, ta koyi irin halina ko kaɗan ne. Ranar da ta koya, ban ji daɗi ko na ƙwayar zarra ba. Na kwance Tsigi na ɗora mata a cinya, na fita tsakar gida, kuma ban taɓa tsanar mutum ba kamar yadda na tsani mutumin nan a ranar.